Murhun Kaka a Limawa

Shekarata takwas lokacin da muka sauka a Dutse, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa ganin ƙwan lantarki ba, ban taɓa taka kwalta ba. Jihar Jigawa ba ta daɗe da samuwa ba a lokacin. Ko'ina ka duba a garin gini ake yi, manyan motoci na sauke yashi da bulo, ma'aikata na ta ƙaurowa da iyalansu daga Kano da wasu garuruwa. Mu ma mun zo, amma ba aiki ne ya kawo mu ba. Koro mu aka yi.

An haife ni a wani ƙauye da ake kira Gidan Malam, can cikin daji tsakanin Kiyawa da Jahun. Mutanen waje suna ce mana 'yan farin saƙi, mu kuwa Jama'a muke kiran kanmu. Kakannin iyayenmu ne suka bi wani malami suka keɓe a wurin, don gudun abin da suke kira dattin zamani. Ba ma sa tufa sai wadda aka saƙa a ƙauyen. Ba rediyo, ba keke, ba rufin kwano, ba makarantar boko, ba allura, ba asibiti. Maza kan je kasuwa su sayar da gero su sayo gishiri da kanwa, su dawo kafin la'asar ba tare da sun ci abincin kowa ba. Ba zan ce zaman ƙunci muke yi ba, don ban san shi da ƙunci ba. Ba a kwana da yunwa a Gidan Malam, ba a kulle ɗaki, in rumbun wani ya ƙone kowane gida zai kawo masa dami. Doka ɗaya ce mai ɗaci. Duk wanda ya karya ƙa'idar Jama'a ya ƙi tuba, an gama da shi. Ba a amsa sallamarsa, ba a ambaton sunansa, ko mahaifiyarsa ce ta gamu da shi a hanya sai ta kau da kai.

Kakata ta wajen uba ita ce ungozomar ƙauyen. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ita kuma ta ce mini takwara. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ya bar ta da 'ya'ya biyu: Babana, da ƙanwarsa Goggo Hajara, wadda ke auren ɗan Malam Babba, shugaban Jama'a.

Abin da ya fitar da mu haihuwa ce. Innata ta kwana uku tana naƙuda. Kaka ta yi duk abin da ta sani, jiƙe-jiƙe da rubutu da tofi, abu ya ƙi. A rana ta uku da hantsi ta fito daga ɗakin ta tarar da Baba a tsaye a tsakar gida. Ina tsugune kusa da turmi, na ji abin da ta ce.

"Ɗaura wa shanu amalanke ka kai ta Jahun."

Baba ya dube ta. "Iya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ɗan ya riga ya tafi, tun jiya bai motsa ba. Uwar nake so ka ceto. Yi sauri."

A asibitin Jahun aka yi wa Inna aiki, ta rayu. Da suka dawo aka tara maza a ƙofar masallaci, aka ce Baba ya miƙe ya faɗa da bakinsa cewa ya yi saɓo, da ya bar ta a hannun Allah da ya fi. Baba ya ce a hannun Allah ya bar ta, kuma ba zai iya cewa yana nadamar ganin matarsa da rai ba. Aka aika wa Kaka cewa ita tsohuwa ce, an yafe mata, muddin ta yarda ɗanta ne ya yi gaban kansa. Ta ce wa ɗan aiken, "Ni na sa shi. Ku haɗa ni da shi." Ranar da muka fita ba wanda ya raka mu. Da muka zo wucewa ta ƙofar gidan Goggo Hajara, Kaka ta rage tafiya har ta kusa tsayawa, amma ba wanda ya leƙo.

Baba ya samo mana ɗaki biyu a wani gidan haya a Limawa, iyali huɗu a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Kowannenmu da irin wahalar da garin ya ba shi. Baba, wanda ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, ya zama lebura mai ɗaukar bulo a inda ake gina ofisoshin gwamnati. Ranar da aka ɗauke shi aiki aka ce ya sa hannu a takarda, bai san yadda ake yi ba, sai aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada. Ya dawo ya daɗe a bakin famfo yana goge yatsan da yashi. Yana da shekara talatin da wani abu ya koyi hawan keke a bayan gida, yana faɗuwa yaran unguwa na shewa. Ni aka sa ni aji ɗaya, na fi kowa tsawo, ban san abin da ƙararrawa take nufi ba, in aka kaɗa kowa ya ruga sai in tsaya ina waige-waige. Inna ce ta fi saurin sabawa. Ta fara ƙuli-ƙuli tana sayarwa, kuma daga ranar da muka fito ba ta sake ambaton Gidan Malam ba.

Kaka ce garin ya ƙi karɓa, ko kuwa ita ta kasa karɓarsa. Ba gona, ba kaɗi, ba mai naƙuda da zai aiko a kira ta. Hannuwan da suka karɓi rabin mutanen ƙauyenmu suka zauna a cinya ba abin yi. Ba ta iya tsallaka titi sai na riƙe ta. In aka kunna ƙwan lantarki sai ta fita daga ɗakin, ta ce yana kallonta. Da aka ɗinka mini kayan makaranta ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta ce, "Ba a jin hannun mutum a jikinsa."

Amma abin da ya fi ci mata rai gaisuwa ce. A satinmu na farko takan zauna a dakalin ƙofar gida ta gai da duk wanda ya zo wucewa, mai ƙafa da mai keke da mai babur. Wasu su amsa, da yawa su wuce da saurinsu ko jinta ba su yi ba. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ta koma ciki, ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Ta jawo ni ta yi ƙasa da murya.

"Takwara, har nan ma an aiko an gaya musu?"

Na ce mata a'a, haka mutanen birni suke, sauri suke yi. Ta gyaɗa kai, amma na ga ba ta yarda ba. Ba ta sake zama a dakalin ba.

Ɗakin da ke kallon namu na Maman Rahila ne, wata Kirista 'yar Filato mai buga takardu a wata ma'aikata, tana zaune da mijinta da 'yarsu Rahila, sa'ata. Ran da muka tare ta aiko mana da shinkafa da miya. Kaka ta yi godiya sosai, da 'yar aiken ta juya baya ta juye wa kaji, don a wurinmu ba a cin girkin bare. Sau uku ana haka. A na huɗu Maman Rahila ta zo da kanta da ɗanyen dankali da acca a kwano, ta durƙusa ta ajiye.

"Kaka, ga shi ki dafa da hannunki. Kajin nan sun yi ƙiba haka nan."

Kaka ta rufe fuska da gefen zanenta don kunya, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Wannan ce dariyarta ta farko a Dutse. Daga nan suka shaƙu. Maman Rahila ce ta koya mata buɗe famfo da rufewa, ta nuna mata injin niƙa. Ta ba ta turmin atamfa ta ce ta huta da farin saƙin da yara ke nunawa. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta ninke ta sa a ƙarƙashin matashi, ta ci gaba da ɗaura saƙinta.

Risho kam ta ƙi shi ƙememe, ta ce tuwonsa warin kananzir yake yi. Ta sa na tsinto mata duwatsu uku a gindin dutsen da ke bayan unguwa, ta kafa murhu a kusurwar tsakar gida. Mai gidan ya yi ta faɗa wai hayaƙi na baƙanta masa bango, har ya gaji ya bari. A bakin wannan murhu nake tuna ta. Bayan sallar magariba, an sauke tuwo, garwashi ya rage ja, sai ta miƙe ƙafa ta tura ɓawon gyaɗa cikin wutar kaɗan-kaɗan. A nan kaɗai take komawa Kakar da na sani. Bayanta ya miƙe, muryarta ta buɗe.

Sai dai masu sauraronta wutar lantarki ce ke ba ta aron su. Mai gidan yana da talabijin, duk yaran gidan da na maƙwabta can suke cika. In aka ɗauke wuta sai su kwararo wurin Kaka, su zauna har kan ƙafafunta. Ta buɗe tatsuniya da cewa, "Ga wata baƙuwa nan ta zo, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya, na kurege da ya yi auren bashi da gashin wutsiyarsa, na kura da ta je koyon kitso, tana kwaikwayon muryar kowa har da ta tukunya. Amma ko tana tsakiyar magana, da an kawo wuta sai ihu ya tashi a unguwa, yaran su watse kamar an kori kaji. Ta bi su da kallo, bakinta a buɗe da sauran kalmar. Ni da Rahila ne kawai kan tsaya, kuma ban ɓoye ba, wani lokacin ni ma zuciyata tana can wurin talabijin.

In muka rage mu biyu, akwai wata tatsuniya da takan yi, ba ta yi wa taro. Ga yadda take.

Akwai wani gari mai doguwar ganuwa, ƙofarsa ɗaya, kuma ƙofar tana da wani hali: tana buɗe wa mai fita, ba ta buɗe wa mai shiga. Saboda haka ba mai fita. Wata damina aka yi ruwa kwana bakwai ba ƙaƙƙautawa, duk wutar garin ta mutu, ta murhu da ta maƙera, ƙyastu ya jiƙe ya ƙi kamawa. Mutane suka koma taunar ɗanyen gero, jarirai na mutuwa da sanyi. Sai wata mata ta hau kan ganuwa ta hango hayaƙi can nesa, bayan kogi. Ta sauko ta ce za ta je ta ɗebo. Aka ce mata, kin dai san halin ƙofa. Ta ce, in na dawo da wuta a hannu, ai kwa san yadda za ku yi da ƙofa. Ta ɗauki kasko ta fita.

Kaka takan ja tafiyar matar yadda ta ga dama. Wata rana matar ta gamu da kura ta yi mata wayo, wata rana da tsohuwa mai neman a cuɗa mata baya. Mutanen bayan kogi suka ba ta garwashi uku. Ta ɗora kaskon a ka ta ratsa ruwa har wuya. Iska ta kashe garwashi ɗaya, yayyafi ya kashe na biyu, ta rufe na ukun da tafin hannu tana hurawa har ta iso ƙofar gari. Ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta kira maƙeri da sunansa, ta kira maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya. Tana jin su a ciki suna cewa, muryar tata ce, amma wadda ta fita ta mutu, kada kowa ya amsa. Sai ta zauna a gindin ganuwa, ta tsinto kirare ta sa wa garwashin don kada ya mutu.

A nan Kaka take yin shiru.

"Sai aka yi yaya?" in ji Rahila.

"Tana nan zaune."

"Har yanzu?"

"Har yanzu. Tana tsintar kirare."

Rahila ba ta da haƙuri. "To ta jefa musu garwashin ta saman ganuwa mana!"

"Ganuwar ta fi ƙarfin hannunta."

"To ta ƙone ƙofar!"

"Da 'ya'yanta a ciki?" Kaka ta tura ɓawon gyaɗa a wuta. "Na ajiye ta nan, mai so ya ɗauka. Ku tashi, an kira isha'i."

Mun sha yi mata ƙorafi cewa wannan tatsuniyar gutsure ce, ba ta da ƙarshe. Ta ce haka ta zo.

Muna shekara ta huɗu a Dutse wani mai sayar da tukwane da ke yawo ƙauyuka ya gaya wa Baba cewa Goggo Hajara na da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura, kuma ta riga ta yi ɓari biyu tun bayan fitowarmu. Kaka ta kwana ba ta ci ba. Da safe ta ce za ta je. Baba ya ce, "Iya, ba za su bari ki shiga ba." Ta ce, "Ban ce ka yi mini duba ba, kai ni na ce ka yi." Muka shiga mota zuwa Kiyawa, daga nan Baba ya ɗauki hayar babura biyu. Ranar ce Kaka ta fara hawa babur, ta runtse ido tana salati har muka isa. Baba ya tsaya a gindin kukar da ke iyakar ƙauyen, ni da ita muka shiga a ƙasa.

Komai na nan yadda muka bar shi. Mata na daka, masaƙa na ƙarƙashin inuwa. Kaka ta yi wa kowa sallama, tana kiransu da sunayensu, yawancinsu ita ta yanke musu cibiya. Masu daka suka ci gaba da daka. Wata tsohuwar ƙawarta na ɗauke da tulu ta hango mu, ta juya ta bi wata hanyar, tana share ido da kafaɗa.

A ƙofar gidan Goggo mijinta na tsaye. Bai dube mu ba. Ya dubi sama ya ce, kamar da iska yake magana, "A gaya wa baƙi su koma inda suka fito."

Kaka ta juya. Ta zagaya bayan gidan, inda dangar kara ta raba ɗakin Goggo da hanya, ta durƙusa ta sa bakinta dab da karan.

"Hajara, ni ce. Kada ki amsa, na san ba dama. Ki saurara kawai. Ki rage kanwa, ki rage gishiri. Ki riƙa kwanciya ta gefen hagu, ki ɗora ƙafa a kan turmi. In kanki ya fara sarawa kina ganin duhu-duhu, ba aljanu ba ne, kada ki yarda a tsaya turare. In naƙuda ta kwana ta wuni, ki yi ihu, ki yi ta ihu har sai an kai ki Jahun. Kin ji ni? Ko za su kore ki, ina da ɗaki."

Ba amsa. Ina jin numfashin mutum a bayan dangar, kusa ƙwarai. Muka daɗe a haka, rana na dukanmu. Can sai aka turo wata 'yar ƙwarya ta ƙarƙashin karan, da ruwa a ciki. Yatsu kawai na gani, suka koma da sauri. Kaka ta ɗauka, ta sha, ta ba ni sauran, ta mayar da ƙwaryar. Ta ƙara jira. Ba abin da ya sake fitowa. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka kama hanyar kuka.

Bayan wata biyu mai tukwane ya kawo labarin an sauka lafiya, an sami mace. Kaka ta yi sujada a tsakar gida. Amma ba ta sake yi mana tatsuniyar mai kasko ba, kuma da wuya ka ji sunan Goggo a bakinta.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, garin ya cika da murna da wa'azi, mu ma mun yi murna. Amma su Maman Rahila hankalinsu bai kwanta ba, saboda labaran tashin hankali da ke zuwa daga wasu garuruwa. Mijinta ya nemi canjin wurin aiki zuwa gida. Ta zo ta zauna a bakin murhu ta gaya wa Kaka.

"Ba wanda ya ce mu tafi, Kaka. Ko kallon banza ba a yi mana ba a unguwar nan. Zuciya ce ta ƙi zama."

Kaka ta gyara itacen murhu. Ta ce, "'Yar nan, wa zai riƙa yi mini dariya?"

Ranar tafiyarsu ta fito da atamfar nan daga ƙarƙashin matashi, shekara shida da ba ta ita, ta ɗaura ta raka su har tasha. Ta tsallaka titi biyu ba ta nemi hannuna ba. Motar ta tashi, Rahila na ɗaga mini hannu ta taga. A hanyar dawowa Kaka ta tsaya a bakin titi ta kasa tsallakawa, sai da na riƙe ta.

Ba ta yi shekara biyu bayan nan ba ta rasu, a ɗakinta, bayan zazzaɓin kwana biyar. Baba ya aika Gidan Malam ta bakin mai tukwane. Muka yi kwana uku muna duban ƙofa. Mutanen Limawa sun cika gidan, har waɗanda ba ta taɓa sanin sunansu ba. Daga ƙauyenmu ko mutum ɗaya.

Na yi karatu, na zama malamar firamare, na yi aure. Baba ma ya rasu. Sai aka tura ni koyarwa wata makaranta a wajen Kiyawa, a can na ji cewa Malam Babba ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun rabu, Jama'a ta saki ƙa'idodinta ɗaya bayan ɗaya. Na hau babur na je. Na tarar da rufin kwano, na tarar da samari sun kewaye wani shago suna cajin waya. Na yi sallama, aka amsa mini daga ko'ina. Dokar da ta raba uwa da 'yarta har mutuwa ba wanda ya soke ta, daina bin ta kawai aka yi, har yaran garin ba su san an taɓa yin ta ba.

Goggo Hajara ta tsufa, mijinta ya rasu, idonta ya fara hazo. Da na faɗi ko ni wace ce ta shafa fuskata ta fashe da kuka. Ta ce ƙwaryar nan mijinta ya fasa ta a ranar. Ta ce ta so a sa wa jaririyar sunan Kaka aka hana. Sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"Ummi, tana maganata?"

Ban so in yi mata ƙarya ba, ban kuma so in ce a'a ba. Sai na ce, "Goggo, akwai wata tatsuniya da take yawan yi mana." Na fara ba ta labarin gari mai ƙofa ɗaya. Tana ji tana gyaɗa kai tana murmushi, har tana riga ni faɗin wasu wuraren, ta ce tun suna yara Kaka ke yi musu ita. Da na kai inda matar ta zauna tana tsintar kirare, na yi shiru.

"Ci gaba mana," in ji Goggo.

"Ai nan ta ƙare."

"A'a. Ina 'yarta? 'Yar matar ai tana ciki, ta gane muryar uwarta. Ta ɗauki fartanya ta yi ta haƙa ƙarƙashin ganuwa, ana hana ta tana yi, kwana bakwai, har hannunta ya ɓullo waje. Uwar ta ɗora mata kaskon a hannu. Ta ƙara faɗaɗa ramin ta jawo uwar ciki, gari ya ci tuwo. Wannan ai shi ne daɗin tatsuniyar. Ba ta…"

Ba ta ƙarasa ba. Murmushin ya bar fuskarta. Ta ce a hankali, "Ba ta taɓa gaya muku wannan ba?"

Na ce, "Ba ta taɓa ba, Goggo."

Ta sunkuyar da kai ta dubi hannuwanta. Na ce ba laifinta ba ne, tana da miji, tana da ciki, ina za ta? Ta ce, "Na sani." Ta sake cewa, "Na sani," hawaye na bin haɓarta.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tana koya mana muguntar mutanen cikin ganuwa ne. Da na girma na ɗauka tana koya mana haƙurin matar. Tun daga ranar nan kuwa abin da nake juyawa a raina shi ne dalilin da ya sa Kaka ta yanke mata ƙarshe. Wani lokaci in ce ta kasa faɗa ne, don bakinta ba zai iya ɗaukar abin da take jira bai zo ba. Wani lokaci in ce ta cire 'yar daga labarin ne don kada in girma in gane, in riƙe Goggo a zuciya. Na fi son in yarda da na biyun, ya fi kama da ita. Amma ba ni da wanda zan tambaya.

Bayan mako biyu Goggo ta aiko cewa tana so a kai ta kabarin. Na je na ɗauko ta a adaidaita har Dutse, ita ma zuwanta na farko ke nan. Mata ba sa bin gawa, don haka ni ban ga inda aka sa Kaka ba. Baba ne ya taɓa ce mini wajen gabas ne, kusa da wata bishiyar darbejiya. Maƙabartar ta cika ta tumbatsa, darbejiya ta fi ashirin, damina ta baje tsofaffin kaburbura sun zama ɗaya da ƙasa. Mai gadin ya ce shi sabo ne, bai san na da ba. Goggo na riƙe da hannuna, tana jira, tana cewa, "Ina ne, Ummi? Nan ne?"

Na zaɓi wata darbejiya na ce, "Nan ne, Goggo."

Ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafin hannu biyu, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta yi ta magana ƙasa-ƙasa, maganar da ban matsa na ji ba. Da ta miƙe fuskarta ta yi sauƙi. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, yau na sauke." Na ce amin. Har ta rasu ban gaya mata cewa ban tabbata ba.